Asabar da Lahadi a Ƙasar Kance

Wannan magana taku ce, jama'a masu sauraro, na cikin garin Matamaye da na ƙauyukan kewaye, tun daga Kance har Dungu, daga Tsauni har Ɗan Barto, da kuma ƴan'uwanmu na birnin Damagaram da muryarmu take isa gare su.  

Shirinmu na yau zancen tafiya ne, gajeriyar tafiya ta kwana ɗaya ko biyu, wadda mutum zai fita daga birni ranar Juma'a da la'asar ko Asabar da sassafe, ya dawo gidansa Lahadi kafin magariba. Zan fara da tambaya ga mazauna birni, ma'aikata da ƴan kasuwa da malaman makaranta. Yaushe rabonka da zuwa ƙauye ba tare da an yi rasuwa ba, ba biki, ba suna, ba rabon gado? Yawancinmu idan muka duba, asalinmu karkara ne. Ko mu aka haifa a can, ko iyayenmu. Amma zuwanmu ya koma na dole. A iso da hantsi, a yi fatiha, a ci abinci a tsaitsaye, ana duba agogo, a juya kafin rana ta faɗi. Yara kuwa ko ba a zo da su ba, ko suna cikin mota suna latsa waya har a tashi. Yaro ya kai shekara goma sha biyu bai taɓa ganin gero a tsaye a gona ba, alhali furarsa yake sha kullum.

Wasu za su ce yawon buɗe ido ai na Nasara ne, ko na masu kuɗin da ke hawa jirgi su tafi Dubai. Ni ban yarda da haka ba. Ma'aikacin gwamnati a Nijar yana tashi daga aiki da azahar ranar Juma'a, ba ya komawa sai Litinin. Daga Damagaram zuwa Matamaye bai kai kilomita 100 ba, kuma motocin haya suna tashi kullum. Lokaci yana nan, hanya tana nan. Abin da ya rage shi ne niyya.

Bari mu bi hanyar tare, kamar muna cikin mota.

Idan ka fito daga Damagaram ka yi yamma a kan babbar hanyar da ta nufi Maraɗi da Yamai, garin da ya kamata ka fara rage gudu a kansa shi ne Tirmini. Mutane da yawa suna wuce shi kamar kowane gari na bakin hanya. A nan ne fa, cikin watan Yuli na 1899, rundunar Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ta tari sojojin Faransa, shekara guda bayan kashe wani hafsansu, Kyaftin Kazamaju, a birnin Damagaram. Masu dawakai suka fuskanci masu bindigogi na zamani, aka ci Damagaram da yaƙi, daga nan mulkin Nasara ya shigo wannan ƙasa. Yaronka yana haddace wannan a makaranta don ya ci jarrabawa. Ka tsaya da shi minti goma a bakin hanya, ka nuna masa filin da duwatsun, ka ce masa nan ne aka yi. Ba zai sake mantawa ba.

Daga nan sai Takeita, inda za ka bar babbar hanya ka karya kudu. Tun daga wannan mararraba nake so ka buɗe ido, don abin da za ka gani har ka iso Matamaye, masana daga ƙasashe masu nisa sun biya kuɗin jirgi sun zo kallonsa. Gawo nake nufi.

Mu da muka tashi a cikinsa mun saba, har ba ma ganinsa. Amma dattawanmu suna sane da yadda ƙasar nan ta kasance bayan farin 1973 da na 1984. Gonaki sun zama fili fetal, iska tana kwashe ƙasa, manomi ya shuka gero rairayi ya binne shi, ya sake shukawa sau biyu, sau uku. Sai manoma suka daina sassabe ƙarƙaf. Idan mutum ya tarar da toho ya fito daga kututture ko daga saiwa, sai ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bar su, ya yanke sauran, ya riƙa gyara su shekara bayan shekara har su miƙe su zama itace. Shi ne ake kira sassaben zamani. A ƙasar Maraɗi wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki sosai wajen yaɗa wannan dabara tun daga 1983. A nan wajenmu kuwa, yawanci manoma ne suka ga amfanin abin a gonar maƙwabci suka ɗauka. A 2006 wasu masana, cikinsu har da Larwanou Mahamane ɗan Nijar da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, suka zagaya Magarya da Matamaye da Mirya, suka ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo musu a wannan yanki sun kai wajen hekta miliyan ɗaya, kuma gawo ne ya fi yawa. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa. Wannan aikin iyayenmu ne, da gatari da adda suka yi shi, kuma ya cancanci a zo a gani.

To idan ka zo, kada ka tsaya a kallo ta tagar mota. Ka sauka, ka nemi mai gona, ka yi masa sallama, ka ce, “Baba, ko za ka nuna wa yarana gawon nan?” Zai yi murna. Zai gaya musu abin da babu shi a allon makaranta, cewa gawo yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa suke kore shar, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Idan kaka ce, zai kai su gindinsa su gwada tsawon karan geron da ke ƙarƙashinsa da wanda ke can fili, su ga bambanci da idonsu. Idan rani ne, za su tarar da shi ya yi ganye lif, shanu sun kwanta a inuwarsa, ƴaƴansa jajaye a murɗe suna faɗowa, awaki suna rugowa da sun ji ƙarar faɗuwarsu. Yara ƴan ƙauye suna tsintar su a buhu a kai kasuwa, masu kiwon ragon layya suna saye. Yaron birni da ya ga wannan, gobe idan ya zama ma'aikacin gandun daji ko magajin gari, zai san darajar abin da aka ba shi amana.

Kafin ka iso Matamaye za ka ratsa Kance. A tsaya a ga fadar Sarki, ginin Hausa ne da ya kamata yaro ya gani. A nemi izini wajen dogarai da fadawa, a cire takalmi inda ake cirewa, a yi gaisuwa yadda ake yi, “Allah ya ja zamanin Sarki.” Wannan ma karatu ne. Yaran birni da yawa ba su san yadda ake durƙusawa a gai da babba ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba a kai su inda za su gani ba.

Amma idan ka tambaye ni inda zuciyar wannan tafiya take, zan ce maka kwari ne. Mutumin Damagaram ya san wahalar ruwa fiye da kowa. Birnin a kan dutse yake zaune, ruwan famfonsa daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma da bazara kowa ya san layin jarkoki da farashin ƴan garuwa. To a kwarin Korama, wajen Dungu da sauran ƙauyukan da ke bakinsa, ruwa yana kusa da ƙasa. Ka sauko daga kan tudun rairayi mai zafi, taku kaɗan sai ka ji iska ta sauya. Ga rake ya fi mutum tsawo, ga rogo da dankali, ga fangalin albasa da tattasai da kabeji, ga mangwaro da gwaba, ga giginya da goriba a gefe. Mai lambu ya tada ɗan injinsa a bakin rijiyar da kana leƙawa kana ganin ruwan, ruwa ya bi lambatu yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tarewa yana buɗewa da fartanya, ƙafafunsa duk laka. Ya shiga cikin raken ya sare maka sanda guda, ya kankare ta da wuƙa, ya datsa gaɓa-gaɓa ya miƙa wa yara. Raken da aka sare yanzun nan daban yake da wanda ya kwana uku a baro a bakin tasha. Ku zauna a tabarma ku sha, ku yi azahar a nan, ku bar yara su yi tambaya har su gaji.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan shi ne daga ƙarshen kaka zuwa cikin ɗari, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Hanyoyin ƙauye sun bushe, sauro ya ragu, rake ya nuna, rumbuna suna da hatsi, mutane kuma sun samu sararin hira. Damina ta fi kyan gani, wannan gaskiya ne, amma lokacin aiki ne, kuma a cikin Yuli da Agusta ne abinci yake ƙaranci a gidajen manoma. Wanda zai zo a lokacin, ya zo da shirinsa.

Masu son hawan dutse kuwa, ƙasar Matamaye ta rairayi ce da kwari. Duwatsu suna wajenku, mutanen Damagaram: manyan duwatsun nan da ke cikin unguwar Birni da bayan gari, da waɗanda ke kan hanyar Tirmini, ga kuma na ƙasar Muniyo da Kutus can wajen Gure ga mai dogon hutu. Mirya ma tana nan kusa, ƙasa da kilomita 20 daga Damagaram, da kukokinta da lambunanta da maginan tukwane, kasuwarta kuma Lahadi take ci. Gaba da ita akwai tabkin Gidimuni da dabinonsa. Mu ma mutanen Matamaye ya kamata mu riƙa kai yaranmu can. Wanda ya ga dama ya ƙetara iyaka ta Ɗan Barto ya kai Daura ya ga rijiyar Kusugu, tunda an sake buɗe iyakar a watan Maris na 2024, amma ya riƙe takardunsa da na motarsa cikakku, ya kuma tambayi halin da hanya take ciki kafin ya tashi.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna, wato yadda baƙo zai sauka.

Mutumin ƙauye ba ya iya ganin baƙo ya ƙyale. Ka iso da mota cike da mutane ba sanarwa, zai kama zabuwar da yake tattali ya yanka, matarsa ta buɗe ɗan man gyaɗar da ta ajiye don sayarwa, a ɗebo hatsin da aka lissafa na kwana goma a dafa a yini ɗaya. Ba za su nuna maka komai ba, da fara'a za su raka ka har bakin mota. Bayan tafiyarka ne gidan zai ji a jikinsa. Saboda haka ka buga waya tun kwana biyu ko uku kafin zuwa, ka faɗi ku nawa ne. Ka zo da tsaraba mai amfani: shinkafa, mai, sukari, ganyen shayi, sabulu, goro na tsofaffi. Ka miƙa wa uwargida a hannunta, ka ce, “Inna, ga wannan a sa mana albarka.” Idan garin ba ka da kowa, ka fara da ƙofar mai gari. Ka gaishe shi, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Shi zai haɗa ka da wanda zai zagaya da kai, kuma a zamanin nan da kowa yake taka-tsantsan da baƙuwar fuska, wannan kariya ce gare ka da su baki ɗaya.

Kada ka shiga gonar mutum da mota ko babur kafin a kwashe amfani. Kada yara su tsinki mangwaro ko su karya rake sai an ba su. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton matan mutane a bakin rijiya, ko yaro marar riga, ka watsa a Facebook da TikTok ana dariya. Mutane ne masu mutunci, ba abin kallo ba ne. Ka tambaya, idan an ce a'a, ka mayar da wayarka aljihu. Ledar da kuka zo da ita kuma, ta ruwa da ta biskit, ku tattara ku koma da ita. Akuya ko saniya idan ta haɗiyi leda, a cikinta take zama, ta rame har ta mutu, kuma wannan dabba wataƙila ita ce duk jarin wata tsohuwa.

Sai maganar lafiya, kuma iyaye mata ku saurara da kyau. Ruwan kwari da na tabki yana da daɗin kallo, yara kuma da sun gan shi sai su nemi faɗawa. Ku hana su. Ruwan da ba ya gudu shi ne gidan tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji komai ba, sai bayan makonni a ga jini a fitsarin yaro. Tana da magani a likita, amma rigakafi ya fi. Ga kuma kududdufan da ake haƙar ƙasar gini, masu zurfi ba zato, waɗanda suke cin yara kowace damina. Ku zo da gidan sauro ko da kwana ɗaya za ku yi. Idan damina ce kuma yaro ɗan ƙasa da shekara 5 yana cikin shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa wata-wata, kada tafiya ta sa a tsallake. Wanda zai hau dutse ya sa takalmi rufaffe, kada ya cusa hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse, nan ne maciji da kunama suke fakewa. Direbobi kuma, don Allah a daina tafiyar dare. Amalanken shanu ba shi da fitila, jaki ba ya jin ƙaho. Ku taso da wuri ku isa gida da sauran rana.

Magidanta, wata magana tsakanina da ku. Idan an tashi irin wannan fita, sau da yawa maza ne suke haɗuwa su tafi, su gasa nama su sha shayi su dawo, mace tana gida tana fama da yara da murhu. Ita ma tana gajiya. A tafi da ita, kuma kada a mayar da ita mai girki a can ma. Kuɗin mota idan ya yi nauyi, gida biyu ko uku su haɗa, ko a yi ɗan adashi na wata biyu. Malaman makaranta ma suna iya shirya wa ɗalibansu fita ta yini ɗaya da yardar iyaye.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi ƙarfin shaƙatawa a wajena. Ƙasar Kance ƙarama ce, ƙananan hukumomi tara ne, amma ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan dubu 400 a cikinta, tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Gonaki sun tsuke. Kamfanin man gyaɗar da ya taɓa ba mutane aiki a Matamaye ya zama tarihi. Duk mun san abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su, kuma da yawa daga cikinsu ƴan wannan yanki namu ne. Allah ya jiƙansu da rahama. Tun daga lokacin, idan aka ambaci Kance a Yamai ko a gidajen rediyon waje, zancen bara da hanyar Aljeriya ake yi. Ba za mu musanta abin da ya faru ba. Amma wanda bai taɓa zuwa ba, ba zai san cewa ƙasar nan ce kuma ta mayar da fako daji, take ciyar da kasuwannin birni da rake da kayan lambu ba. Gani ya kori ji.

Kuma zuwan naku yana da amfani a aljihun mutane. Idan ka zo, ka saya. Ka sayi rake da rogo a bakin lambu, ka sayi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa a hannun matan da suka yi su, ka sayi tabarma da faifai, ka sayi nono a ruga. Kada ka tsaya kana taya kayan tsohuwa da rabin kuɗi, kai da ba ka neman ragi a babban kanti. Jika biyu ko uku da za ka bari a ƙauye ba za su hana kowa tafiya ci-rani ba, na sani, amma idan gida ɗari suna zuwa kowane wata, mai lambu zai ji, mai tuyar ƙosai za ta ji, ɗan kabu-kabu zai ji.

Mu kuma masu masauki, mutanen Matamaye da Kance da Dungu da Kurni da Yawuri da sauran garuruwa, akwai namu aikin. Baƙo idan ya zo, kada a ninka masa farashi don an ga ya sauko daga mota, in aka yi masa haka sau ɗaya ba zai dawo ba. Masu lambu, ku kafa ƴar rumfa, ku ajiye tabarma mai tsabta da randar ruwa da buta, ku keɓe wurin da mata za su zauna. Samari masu ilimi da ke zaune ba aiki, ku je wajen tsofaffi ku koyi tarihin garinku, wa ya kafa shi, daga ina aka zo, wace rijiya ce ta fari, don ku iya zagayawa da baƙo ku ba shi labari na gaskiya. Hukumomin garuruwa kuma su duba hanyoyin da ke shiga kwari, da tsabtar tasha da kasuwa.

Jama'a, lokacinmu ya yi. Wanda yake da ɗan'uwa a ƙauye, ya ɗauki waya yau da dare ya kira shi, ya ce masa muna nan tafe da yara, ba don komai ba sai don mu gaishe ku. Ku tsayar da rana tun yanzu, ku kwana ɗaya, ku dawo da wuri. Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.